Yadda Za Ka Leƙa Cikin Shirin Python da Umarnin p

Na sha ganin ɗaliban da nake koya wa Python a nan Kano suna cika shiri da print() ko'ina da zarar lissafi ya ƙi fita. Akwai hanya mafi sauƙi. Tun daga Python 3.7, rubuta breakpoint() a saman layin da kake zargi, ka kunna shirin. Zai tsaya cak a wurin, alamar Pdb, wato manhajar Python ta binciken kuskure a shiri, ta fito tana jiranka.

A ce shirin yana lissafa kuɗin buhunan gero na wani ɗan kasuwa a Dawanau, sai jimilla ta fito doguwa, ba kai ba gindi. In adadi ne sunan ma'ajin ƙimar da ke riƙe da yawan buhunan, farashi kuma na kuɗin kowane buhu, buga p adadi; umarnin p zai nuna maka abin da ke ciki. In ka ga '12' da 'yan alamun nan a gefe da gefe, to rubutu ne, ba lamba ba, don input() rubutu yake bayarwa. Maimaita shi Python ya yi ta yi maimakon ninkawa. Nan take gwada p int(adadi) * farashi ka ga ko ya daidaita, ba tare da ka taɓa fayil ɗinka ba. Wannan na fi so wallahi.

Dogon jeri kuwa, umarnin pp ya fi p tsara shi.

Amma ka kula: in sunan ma'ajin ƙimarka c ne ko n, kada ka buga shi shi kaɗai. Pdb zai ɗauke shi umarni, shirin ya wuce gaba. Sa masa p a gaba.