Yadda za ka tono labarin da ke cikin sunan mamaci tun ba a tashi daga zaman makoki ba

Ranar da gwaggonmu ta rasu a Tudun Wadar Kaduna, dawowarmu daga maƙabarta kenan aka ce in rubuta sanarwa a tura guruf ɗin dangi na WhatsApp. Na rubuta Innalillahi, na rubuta lokacin da aka yi jana'iza, da na zo wajen suna sai na tsaya cak. Gwaggo Gambo muka taso muna ji, Gambon ne a katin zaɓenta, shi ne a katin asibiti. Na tambayi mutum huɗu a ƙofar gida kowa sai ya ce "anya ba Hauwa'u ba ne?", ƙarshe sai da aka leƙa cikin gida wajen mata aka tabbatar Hauwa'un ne. To amma abin da ya tsaya min a rai daban ne: Gambo ai wanda aka haifa bayan tagwaye ake kira haka, mu kuma a iya saninmu babu tagwaye a ɗakin kakarmu. Sai a kwana na uku wata tsohuwa da suka tashi gida ɗaya a Zariya, tana ɓare goro ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai akwai Hassan da Husaini, ƙyanda ce ta kwashe su sati ɗaya tsakani tun Gambo na goye. Babanmu da ke bin ta wallahi bai taɓa jin zancen ba. Shekara saba'in da wani abu sunan nan yana yawo a bakinmu da labarin mutum biyu a cikinsa, ba wanda ya tambaya.

Tun daga nan in aka yi mana rasuwa nake bin sunan, ga yadda nake yi.

Ka fara da tattara sunayen gaba ɗaya, don Bahaushe da wuya ka same shi da suna ɗaya. Akwai na yanka wanda liman ya raɗa ranar suna, akwai wanda uwa ke kira saboda alkunya, akwai na kakanni, akwai na abokan wasa ko na sana'a, sannan ga na takardar makaranta wanda sau da yawa sunan gari ne aka liƙa, irin su Shagari, Gumi, Tafawa Ɓalewa, ko Kano da ke jikin sunan Malam Aminu. Ka buɗe wajen rubutu a wayarka ka jera su, gefen kowanne ka sa wanda ke kiran mamacin da shi. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, wanda ya laƙaba suna yawanci shi ya san dalili.

Daga nan sai ka warware na yankan daga inkiyarsa, don wasu sunayen da muke ɗauka biyu ne ashe ɗaya ne. Garba da Habu Abubakar ne, Sanda Umar ne, Shehu yawanci Usman ne saboda Ɗan Fodiyo, Maitama Yusuf ne kamar marigayi Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule, Indo A'isha ce, Kulu Hauwa'u, Binta Fatima, Dije Khadija, Abu Zainab. In ka ji Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu to lissafi ne daga Larabci, na ɗaya na biyu na uku haka har gaba, yawanci Muhammadun gidan ake jerawa. Mamaci sunansa Rabi'u kai kuma yayyensa biyu ka sani? Ka tambayi ina na ukun. Kuma Kaduna ce fa, garin da kowa zuwa ya yi, saboda haka kar ka dage lallai sai ka fassara komai da Hausa. Modu da Bukar da Falmata na Barebari ne, Muhammad da Abubakar da Fatima kenan, Dikko da Sambo daga Fulatanci suka zo, ɗan fari da mai bi masa. Maƙwabtanmu Kiristoci 'yan kudancin Kaduna su ma da yawa suna da Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu, ga kuma irin su Godiya, Alheri, Dogara waɗanda da ji ka san iyayen akwai abin da suka gani kafin haihuwar.

Inda naman yake shi ne sunayen yanayin haihuwa. Tanko namijin da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu macen da ta biyo bayan maza, Auta ka sani, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda aka ce ya shekara a ciki, Talle wanda ya tashi maraya, Azumi da Ɗan'azumi 'yan watan Ramadan, Sallau ɗan ranar sallah, Marka wadda aka haifa ana tsakiyar ruwan damina. Sai kuma masu nauyi, Ajuji, Abarshi, Bawa, waɗannan na 'ya'yan wabi ne, matar da in ta haihu yaran ba sa tsayawa, sai a ba wa jaririn suna kamar ba a damu da shi ba ko Allah zai sa ya rayu. In mamacinka yana da irin wannan, to ka sani kafin shi uwarsa ta sha binne 'ya'ya, ka tausasa harshe in za ka yi tambaya.

Wa za ka tambaya? Mata tsofaffi, ba wani kewaye-kewaye. Maza a waje kan tabarma za su ba ka labarin inda ya yi aiki da shekarar da ya je Makka, amma wa aka yi wa takwara da ko ana ruwa ranar da aka haife shi, wannan sai cikin gida. Kar ka yi irin wautar da na yi a rasuwar wani kawunmu a Rigasa, ranar farko ko gama kuka ba a yi ba na tsuguna gaban yayarsa ina tambayar dalilin da ya sa ake ce masa Bawa, baffanmu ya jawo ni waje ya wanke ni tas, ya ce kai ɗan jarida ne? Ya fi ni gaskiya. Ka bari sai kwana na biyu da yamma ko na uku, mutane sun ragu an fara hira. Ka gaishe ta yadda ya kamata, ka yi mata ya haƙuri, ka bari ita ta fara ambaton mamacin, sannan ka ce "Inna, wai ni kam me ya sa ake ce masa kaza?" ka yi shiru. In za ka ɗauki murya a waya ka nemi izini, wasu da zarar sun ga waya sai bakin ya mutu. Wadda ke takaba kuma ka ƙyale ta tukuna, wata huɗu da kwana goma ne a gabanta, akwai lokaci.

Yanzu maganar dacewa, wadda na san ita ce ta fi jan mutane. Sunayen rana sun fi kawo ta: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Altine da Tanimu na Litinin, Talatu, Balarabe da Larai na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Sai ka ji an ce "Allahu Akbar, Jummai ce kuma Juma'a ta koma." Dubawa ba wuya, ka ja kalandar wayarka baya zuwa shekarar haihuwa ka ga wace rana ce ta faɗo, sai dai ka tuna biyu: a lissafinmu rana daga magariba take shiga, yaron da aka haifa Alhamis bayan magariba ɗan daren Juma'a ne, sannan ranar haihuwar da ke takardun tsofaffinmu da yawa ƙiyasi ce aka yi lokacin shiga makaranta ko ɗaukar aiki. Ɗauki marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan farar hula na farko a tsohuwar jihar Kaduna, wanda ya hau a 1979 majalisa ta tsige shi a 1981. Ya rasu 11 ga Nuwamba 2020, kuma Laraba ce, Balarabe ya koma ranar Laraba. Amma ranar haihuwarsa da ke rubuce, 21 ga Agusta 1936, in ka duba Juma'a ta faɗo. Ka ga kenan suna da takarda ba dole su yi daidai ba, wani ma Balaraben gadonsa ya yi daga takwara, wani don hasken fata aka sa masa. Kuma kwanakin mako bakwai ne kacal, cikin Ɗanladi bakwai ba abin mamaki ba ne ɗaya ya rasu Lahadi, sauran shidan ne dai ba mai yin sitatus a kansu.

Ni ban hana kowa jin sanyi a ransa ba in ya ga irin haka. Annabi (SAW) yana son kyakkyawan fata, a Hudaibiyya da Suhailu ɗan Amru ya iso ya ce al'amarinku ya yi sauƙi, daga ma'anar sunan. Abin da Annabi ya hana shi ne camfi. Saboda haka in ka ji hira ta koma ana ƙirga haruffan sunan da hisabi wai a gano wanda zai biyo baya a gidan, ko wani ya ce sunan ne ya ja masa ajali, ka tattara wayarka ka tashi. Haka in aka haihu a dangi cikin kwanakin nan. Mu ma kwana goma bayan Gwaggo 'yar yayata ta haifi mace aka mayar da Hauwa'u, muna ce mata Ummi, nan da nan wata ta fara cewa ai Gambo ce ta dawo dubi goshin. Takwara ce, goshi kuma na gidanmu ne duk muna da shi.

Abin da ka samo ka rubuta shi a ranar, da sunan wadda ta faɗa maka da inda kuka zauna, in mutum biyu suka saɓa ka rubuta duka biyun kar ka zaɓi wanda ya fi daɗi. Kafin ka tura guruf ka nuna wa babba ɗaya a gidan, don wani sunan yana tono auren da ya mutu ko riƙon da ba a taɓa gaya wa yara ba. Namu na Gwaggo sai da baffa ya cire layi biyu kafin ya ce in tura, a ƙasa kuma ya sa na ƙara Hassan da Husaini cikin waɗanda za a riƙa sakawa a addu'a.