Taswirar waya: daga Kwangila zuwa saman Kufena

Tun kana gida, inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke taswirar Zariya a waya. GPS, wanda ke nuna wa waya inda kake, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, ba ya cin data. Hoton taswirar ne ke buƙatar intanet. Amma taswirar Google Maps da aka sauke hanyar mota kawai take nunawa. Don tafiyar ƙafa, manhajojin taswira Organic Maps ko OsmAnd sun fi, domin suna aiki ba intanet kuma suna zana sawunka.

In za ka hau dutsen Kufena ta wajen Wusasa, ka sa alama a inda ɗan acaɓa ya ajiye ka, sannan ka kunna zanen sawu. A gindin manyan duwatsu ɗigon nan shuɗi mai nuna inda kake a taswira yakan yi tsalle, saboda dutse na tare sigina. Fito fili, ka dakata minti ɗaya. Kibiyar da ke nuna inda ka fuskanta ta karkace? Juya wayar a iska kamar kana rubuta 8.

Caji ne matsala. Zafin rana da neman sabis suna cinye batir, don haka ka sa wayar a yanayin jirgi (airplane mode). GPS zai ci gaba da aiki. Sai dai wurin da ka tura wa ɗan'uwa kai tsaye ta WhatsApp, na minti 15, awa 1 ko awa 8, zai tsaya cak.

A cikin gari kuwa, kada ka jira manhaja ta gaya maka kuɗin keke daga Sabon Gari zuwa Samaru. Tambayi direba kafin ka shiga, waya kuma ta nuna maka inda za ka ce "akwai".