Jirin da kake ji ba prana ba ne

Tun da bidiyon yoga suka cika wayoyin mutane, saƙon da ya fi iso ni kusan iri ɗaya ne. Mutum ya zauna yana zuƙar iska yana fesarwa da ƙarfi, yatsunsa suka fara yi kamar ana tsira musu allura, leɓɓansa suka yi nauyi, kansa ya soma juyawa, sai ya rubuto cikin murna wai ƙarfin rai, wato prana, ya fara zagaya jikinsa. Na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya. Ga kurakuran da nake gani kullum, da yadda ni nake gyara su. Wani malamin yoga yana iya saɓa mini a wasu wuraren, amma abin da na gwada shi zan faɗa.

Aikin numfashi a yoga sunansa pranayama, kuma daga Indiya ya fito. A tsarin yoga mai matakai 8 na Patanjali, wani tsohon malamin Indiya, shi ne na 4, yana zuwa bayan mutum ya iya zama daram ba tare da jiki ya dame shi ba. Mutanen wannan fanni suna cewa akwai ƙarfin rai da ake kira prana, yana bin magudanai 72,000 a jiki, manyansu uku: ida ta ɓangaren hagu, pingala ta dama, sushumna a tsakiya tana bin gadon baya. Ba jijiyoyi ba ne da likita zai tsaga jiki ya nuna maka, hanyarsu ce ta bayyana abin da mai zaman yake ji. Amma shi Patanjali da ya zo siffanta numfashin da ake nema, abu biyu ya ambata: ya zama dogo, ya zama siriri. Bai ce mai ƙarfi ba, bai ce mai sauri ba.

Sauri shi ne kuskuren farko, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Sabon shiga yana zaton in ya yawaita zuƙa zai cika jininsa da oksijin. Jinin lafiyayyen mutum ya riga ya ɗauki kashi 95 zuwa 100 na oksijin ɗin da zai iya ɗauka tun yana zaune bai yi komai ba. Abin da saurin yake yi shi ne kwashe iskar kabon dayoksaid daga jini. Idan ta ragu, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su tsuke, daga nan jiri yake zuwa. Sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini shi ma aikinsa yana canzawa, shi ne tsirar da kake ji a yatsu da kewayen baki. In ka dage, yatsun su lanƙwashe su ƙame ka kasa buɗe su. Duk wanda ya tsaya hura balan-balan da yawa ya san wannan jirin, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya kai wani matsayi.

Ba ina cewa numfashi mai sauri ba ya cikin yoga ba. Akwai kapalabhati, akwai bhastrika wadda aka sa wa sunan zugazugin maƙeri. Amma ana yin su a taƙaice, zagaye kaɗan, a tsaya a huta har numfashi ya dawo daidai, kuma a gaban wanda ya iya. Ni ba na barin sabon shiga ya taɓa su sai ya daɗe yana numfashi mai laushi ba tare da ƙoƙari ba. In ya fara, bugu 20 ya isa, a hankali, ciki ne kaɗai ke motsi, fuska da kafaɗa suna sake.

Kuma don Allah ku ji wannan da kyau. A asibiti, masu gwajin ƙwaƙwalwa na EEG suna sa mara lafiya ya yi numfashi da sauri na kusan minti 3 da gangan, don su tayar da alamun farfaɗiya su gani a na'ura. Mai sikila kuwa ba a sa shi wannan, saboda tsoron shanyewar ɓarin jiki. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, amma za ka ga an tura bidiyon bhastrika a zauren WhatsApp na iyali babu ko kalmar gargaɗi. Mai sikila, mai farfaɗiya, mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai ƙaba, mai hawan jinin ido, duk su bar numfashi mai sauri da riƙe numfashi. Kada kuma kowa ya yi su a cikin ruwa ko yana tuƙi, don suma ba ta sallama.

Na biyu shi ne riƙe numfashi, wanda suke kira kumbhaka, kuma wannan na ɗanɗana kuɗarsa. Akwai sanannen ma'auni na 1:4:2, wato in ka shaƙa cikin sakan 4, ka riƙe na sakan 16, ka fitar cikin sakan 8. Na ɗauke shi tun ina farkon koyo, ina ƙarawa don in ga iyakata. Wuyana yana ɗaurewa, jijiyar goshina tana tashi, in na saki sai in fizgo iska da haki, amma ina lissafa hakan a matsayin ci gaba. Abin da ya biyo baya ciwon kai ne da ke farawa daga ƙeya, da faɗuwar gaba babu dalili, da barcin da ya ƙi zuwa. Na daɗe kafin numfashina ya koma yadda yake, har sai da na bar komai na koma kwanciya a tabarma ina kallon cikina yana hawa yana sauka.

Abin takaicin shi ne an yi wannan gargaɗin tun ƙarni na 15. Littafin Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama ya ce yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba ya hallaka mai yi. Har ya lissafa abin da yin sa ba daidai ba yake jawowa: shaƙuwa, tari, asma, ciwon kai, ciwon kunne da na ido. To kai da ka kalli bidiyon minti 5 jiya, me ya kai ka sakan 16 yau? Wa kake tsere da shi? Sauri ya haifi nawa. Ma'aunina guda ɗaya ne, kuma ba na sassautawa a kansa: numfashin da ya biyo bayan riƙewa shi ne alƙali. In ya shigo a natse kamar na baya, ka yi daidai. In ka fizgo shi, ka wuce gona da iri, ka rage ko ka bar riƙewar gaba ɗaya. Sabon shiga ba ya bukatar riƙewa ko kaɗan. Ya shaƙa cikin sakan 4, ya fitar cikin 6. Bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa lokacin shaƙa, yana ɗan raguwa lokacin fitarwa, shi ya sa tsawaita fitarwar take kwantar da jiki.

Sai batun mantra, wato kalmomin da ake maimaitawa a zaman natsuwa. Carbin masu yoga da ake kira mala yana da ƙwaya 108, kuma sabon shiga burinsa ya ga ya zagaye shi. Sai ka ji yana cusa kalma uku ko huɗu a numfashi ɗaya, ko ya ja sautin har iska ta ƙare ƙaf, murya na rawa, ciki ya manne da baya. A 2001 Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia a Italiya da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar likitoci ta BMJ. Sun sa mutum 23 suna karanta addu'ar Kiristoci ta Ave Maria da harshen Latin da kuma wata mantra, sai suka ga duka biyun sun sauko da numfashi zuwa kusan 6 a minti, bugun zuciya da hawa da saukar jini kuma suka daidaita da shi. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. Ka ga ke nan jimla ɗaya ce a numfashi ɗaya mai kusan sakan 10. Wanda ke gudu a kan ƙwayoyin carbi ya zubar da wannan amfanin gaba ɗaya. Ka gama sautin da sauran iska a ƙirjinka, ka bari shaƙa ta zo da kanta.

Kada kuma ka yi tsalle daga numfashi 15 a minti zuwa 6 a zama ɗaya. Da yawa in an ce su rage sauri sai su ƙara girman zuƙar, su cika huhu fal kowane lokaci, jirin nan dai ya dawo ta bayan gida. In wanda ke zaune kusa da kai yana jin ƙarar shaƙarka, ta yi yawa.

Akwai wani abu da ba na son a yi shiru a kansa. Mantra ba sauti ba ne kawai, yawancinsu ibada ce a addinin Hindu ko na Buddha. Om Namah Shivaya girmamawa ce ga Shiva, abin bautar Hindu. Bai dace mutum ya riƙa maimaita abin da bai san ma'anarsa ba don kawai ya ji shi a bidiyo. Ni ƙirga nake yi, ko in rufe baki in yi gunji ta hanci irin na ƙudan zuma, wanda suke kira bhramari. Yana tsawaita fitarwa ba tare da kalma ko ɗaya ba, kuma masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2002 cewa irin wannan gunjin yana ninka iskar naitirik oksaid, mai taimakawa wajen buɗe jijiyoyin jini, a hanci har sau 15.

Sauran ƙanana ne. In ka ga kafar hanci ɗaya ta fi buɗewa, ba prana ce ta toshe ba, haka hanci yake karɓa-karɓa duk bayan 'yan sa'o'i, kuma likitan Jamus Richard Kayser ya bayyana hakan tun 1895. A nadi shodhana, inda ake shaƙa ta kafa ɗaya a fitar ta ɗayar, taɓa gefen hancin ake yi, ba murɗe shi ba. Kada ka zauna da cikakken ciki, ka bari sai bayan sa'o'i 3 da cin abinci mai nauyi. Lokacin hunturu, in ƙura ko mura ta toshe maka hanci, ka haƙura da ranar maimakon ka tilasta iska ta wuce. In ƙafa tana sagewa, zauna a kujera. Kafaɗar da ke hawa wajen kunne duk shaƙa alama ce ta cewa da saman ƙirji kake numfashi, ka ɗora hannu a cibiya ka bi motsinta.

In jiri ya zo ana cikin yi, tsaya nan take. Rufe baki, kwanta a gefe, ka bar numfashi ya bi ta hanci yadda ya so, cikin 'yan mintoci zai wuce. In kuwa da ciwon ƙirji, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta karkace, a kai ka asibiti a lokacin.