Yadda za ka duba harajin gidanka a gundumar Cook ta Amurka

Da farko nemo lambar gidanka, wato PIN mai alƙaluma 14. Tana jikin takardar haraji.

Shiga shafin ofishin mai ƙiyasta kadarori na gundumar, wadda birnin Shikago ke cikinta, ka sa lambar. Duba kimar da aka yi wa gidan. Kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa a kasuwa ake ɗauka, kuma duk shekara 3 ake sabunta ƙiyasin.

Sai ka leƙa ragin haraji. In kana zaune a gidan, ana cire dala 10,000 daga kimar da ake ɗora wa haraji. Mai shekara 65 yana da ƙarin ragi. In ka cancanci ragi amma ba a yi maka ba, nema.

Kimar ta yi yawa? Ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika.