Yadda zaka bi idan ambaliya ta cinye maka gona

Ɗan uwa, in ruwa ya shanye maka shinkafa irin yadda akayi a Auyo da Haɗeja da Ringim a 2022, abu na farko ka ɗauki hoto da wayarka tun ruwan bai janye ba, gonar gaba ɗaya harda iyakarta, don in ya janye sai kaga kamar ba'a taɓa shuka komai ba a wajen.

Daganan ka sanar da mai unguwa ko dagaci, kaje wajen malamin gona da sashen noma na ƙaramar hukuma a rubuta sunanka, dan da wannan jerin sunayen ma'aikatan SEMA da NEMA, wato hukumomin bada agajin gaggawa na jiha da na ƙasa, suke zuwa duba ɓarna, kuma ranar da zasu zo dan Allah kar ka aika yaro, ka tsaya da kanka ka faɗi me ka shuka da girman gonar. Sunan da ka bayar ya zama daidai da na NIN da BVN ɗinka, harafi ɗaya in ya bambanta sai kuɗi su maƙale a banki, layin wayarka ma ya zama yana shiga.

Ba kullum kuɗi ake bayarwa ba, sau da yawa iri ne da taki da kayan abinci, wanda zai taimaka wa noman rani. Duk wanda yace kawo kuɗin fom, wallahi ɗan damfara ne. Kafin wata daminar kuma ka tambayi inshorar noma ta NAIC, wato hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, ita kafin ɓarna ake shiga.