Yadda na gyara ƙarancin ruwa da gishiri a ɓerayen da ake janye wa ruwan matsarmama

Matsalar ita ce ɓerayen gwaji suna ramewa kwana biyu bayan sa musu bututu a hanyar matsarmama, fitsari ya ragu, jini ya yi tsami. Babban ɓera (rat) ba shi da jakar matsarmama, ruwan yana kwarara ne daga hanta dare da rana. Mai nauyin giram 300 yakan zubar da kusan mililita 15 zuwa 20 kullum, ɗauke da sodiyam (sinadarin gishiri) da bikabonet (sinadarin da ke rage tsamin jini).

Ruwan sha zalla ƙara dagula lamarin yake yi, domin yana tsinka sodiyam ɗin da ya rage. Ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari ma bai wadatar ba: kulorayid ɗinsa (ɗaya sinadarin gishiri) ya yi yawa, ba ya maido da bikabonet.

Na koma ga Ringer mai laktet, wato ruwan ƙari mai gishiri da laktet, sinadarin da jiki ke mayarwa bikabonet. Kowace safiya a auna abin da ya zuba, a mayar da daidai gwargwadonsa ƙarƙashin fata, da ɗumi, a raba shi biyu. Sai bututu na biyu a farkon ƙaramin hanji, ana ɗiga taurokolet, wani gishirin matsarmama, in ba haka ba kwararar ruwan matsarmama tana raguwa kuma kitse ba ya narkewa.

A ɗaure bututun farko can sama kusa da hanta, kada ruwan fankiriyas (gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci) ya bi shi.