Yadda za ka kai mai shan sigarin gidanku a duba huhunsa, da inda AI ke shigowa

Kawuna direba ne a tashar Kawo, shekara 30 yana zuƙar sigari kuma ko tari ba ya yi, duk ranar da na ce mu je asibiti sai ya ce "ɗana lafiyata ƙalau, me za a duba?" To ai matsalar kenan, kansar huhu ba ta sallama, sai ta yi nisa take nuna kanta.

Fara da lissafi tukuna. Kwali ɗaya kara 20 ne, ka raba yawan karan da yake sha a rana da 20 sannan ka ninka da shekarun da ya yi yana sha. Kawu kara 15 ne a rana, lissafinsa ya ba da 22 da rabi. Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ce mai shekara 50 zuwa 80 da lissafinsa ya kai 20, yana sha har yanzu ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba, a duba shi duk shekara. Mutanenmu kara-kara suke saya wajen mai tireda, don haka ka zauna da shi cikin ladabi ku ƙirga tare, kar ka yi masa kamar ɗan sanda.

Sai hoton da za a nema. Ba hoton ƙirji na yau da kullum ba, CT ne, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu yanki-yanki, irin mai ƙarancin hasken radiyeshin, shi ne binciken da aka fitar a Amurka a 2011 kan mutum sama da 53,000 ya nuna yana rage mutuwa daga wannan cuta da kashi 20 cikin 100. Ku ga likita a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya, shi zai ce ya cancanta ko a'a ya kuma faɗi inda za a yi.

Nan fa AI ke shigowa, wato manhajar kwamfuta da aka koya wa gane abu a cikin hoto. CT ɗaya hotuna ne ɗaruruwa, likitan hoto yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana neman ɗan ƙulli da bai fi ƙwayar dawa ba, ga layi ga gajiya, wallahi ido na iya tsallakewa. Manhajar tana zagaye wajen, ta auna girmansa, ta kwatanta da hoton bara ta ga ko ya ƙaru. Google sun gwada tasu a 2019, sannan a 2023 jami'ar MIT da wani asibitin Boston suka fito da wata manhaja, Sybil, mai hasashen haɗarin kamuwa da kansar huhu har shekara 6 gaba daga hoto ɗaya. Ka tambaya ko wajen suna da irinta, in babu ma a yi hoton, likita ne mai yanke magana.

Abu ɗaya da ke damuna, yawancin manhajojin nan da hotunan ƙasashen waje aka koyar da su, mu kuma tarin fuka ya bar wa mutane da yawa tabo a huhu, tabon na iya kama da ƙulli. In ya taɓa yin tibi, wato tarin fukan, a faɗa wa likita tun farko. Kuma in an ce an ga wani abu kar gida ya rikice, yawancin ƙullin ba cutar kansa ba ce, sau da yawa cewa ake a dawo bayan 'yan watanni a sake.

Ku karɓi CD ɗin hoton ku adana, da shi za a kwatanta baɗi. Don Allah kar ka ɗauki hoton fim ɗin da waya ka tura wa ChatGPT ka ce an gama.

Mai tarin da ya wuce sati biyu, ko kaki da jini, ko rama, shi ba jiran wannan tsarin zai yi ba, yau zai je, gwajin tibi ma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ranar da kuka ga likitan ku tambaye shi hanyar daina sigarin, ni ma ita ce maganar da na riƙe zan sa a gaban Kawu ranar Litinin in mun je.